Na samu aiki, amma ina tsoron katin abinci zai tafi tare da tallafin kuɗi

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar zangon Kumasi ce, ina zaune a Bronx cikin birnin New York tare da 'ya'yana uku, babban yana da shekara 11, autar kuma shekara 3. Tun bayan rasuwar mahaifinsu muke karɓar tallafin kuɗi na gwamnati da katin abinci. Yanzu Allah ya sa na gama kwas ɗin kula da tsofaffi a gida, na kuma fara aiki a wannan makon, awa 30 a mako, kowace awa dala 19 da 'yan kai. Wata maƙwabciyata ta ce kada in kuskura in faɗa wa ofis, domin ranar da suka ji, ranar za su yanke kuɗin da katin gaba ɗaya. Yayar mijina kuma ta ce in daina amsa takardunsu kawai, in bar fayil ɗin ya mutu da kansa, tunda cin kuɗin gwamnati ba abin alfahari ba ne. Kason da nake biya na haya dala 1,100 ne a wata, kuma albashin ba zai ɗauki haya da abinci da mai renon autar ba. Wacce zan bi a cikinsu?

Maman yara uku, Bronx

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki da rahama, ya raya marayun da ya bari, ya kuma sa albarka a wannan aiki da kika samu da guminki.

Kada ki bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu. Na yarda dukansu suna son ki da alheri, amma ta farko za ta jefa ki cikin bashin gwamnati da tuhumar zamba, ta biyun kuma za ta iya sa ki rasa abincin wata biyar da doka ta tanadar wa iyali irin naki. Abin da ya fi komai muhimmanci a lamarinki shi ne dalilin da za a rubuta a takarda ranar da aka rufe fayil ɗin tallafin kuɗi. Idan aka rubuta cewa an rufe shi ne saboda kin samu albashi, katin abinci zai bi ki. Idan kuwa aka rubuta cewa kin ƙi bin ƙa'ida ko kin ƙi kawo bayanan da aka nema, to sai dai ki koma ki sake cika takarda daga farko, yara suna jira.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne kuɗin da abincin suna sauka a kati guda na EBT, wanda ake gogewa kamar katin banki, kuma a birnin New York ofishi guda ne yake kula da su, wato HRA, hukumar jin daɗin jama'a ta birnin, saboda haka sai a ɗauka abu ɗaya ne. Alhali shirye-shirye biyu ne, kowanne da dokarsa da aljihun da yake fitowa. Tallafin kuɗi yana ƙarƙashin shirin TANF ne, wanda aka kafa da dokar da shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agustan 1996, kuma tun daga sunansa, wato tallafin wucin gadi ga iyalai mabukata, an nuna ba na dindindin ba ne, domin kuɗin tarayya ba ya wuce wata 60 a duk tsawon rayuwar babba. Katin abinci kuwa na shirin SNAP ne, wanda ma'aikatar noma ta Amurka ke riƙe da shi. Dokarsa ta dindindin ta fito tun 1964, a 2008 ne aka ba shi sunan da yake ɗauke da shi yanzu. Ba shi da wa'adin wata 60, kuma ba don marasa aiki kaɗai aka yi shi ba. Masu shara, masu aikin kanti, direbobi da masu kula da tsofaffi irinki da yawa suna aiki suna karɓarsa, domin abin da ake dubawa shi ne yawan kuɗin da ke shigowa gida da yawan bakunan da ke ci, ba wai ko mutum yana fita da safe ba.

Tsoron maƙwabciyarki yana da asali. A shekarun da suka biyo bayan dokar 1996, iyaye mata masu tarin yawa sun bar tallafin kuɗi sun kama aiki, sai katin abincinsu ya ɓace tare da shi duk da cewa albashinsu bai kai ya fitar da su daga shirin ba. Wasu ba su san sun cancanta ba, wasu kuma sabon aiki bai ba su sararin zaman layi a ofis ba. Ganin haka ne gwamnatin tarayya ta fara ba jihohi damar riƙe wa irin waɗannan iyalai katinsu na wata uku, sannan dokar noma ta 2002 ta ƙara wa'adin zuwa wata biyar. Zaɓi ne aka ba jihohi, ba wajibi ba, amma jiharki tana cikin waɗanda suka karɓa, kuma a takardunsu za ki ga ana kiran tsarin da haruffa uku, TBA, wato tallafin abinci na riƙon ƙwarya. Ki riƙe waɗannan haruffa, za su yi miki amfani idan kina magana da ma'aikaci.

Ga yadda tsarin yake aiki. Idan aka rufe fayil ɗin kuɗi, sai a ɗauki lissafin abincinki na watan ƙarshe kafin rufewar, a cire tallafin kuɗin daga cikin abin da ake ƙirga miki a matsayin kuɗin shiga, tunda ya daina zuwa, a sake bugawa. Adadin da ya fito shi za a riƙa saka miki a kati har wata biyar, ba ya hawa ba ya sauka. Tunda an cire wani ɓangare na kuɗin shiga, yawanci adadin yakan ɗara wanda ake ba ki kafin rufewar. A cikin waɗannan watanni ba a buƙatar ki kai rahoton canji: idan kamfani ya ƙara miki awoyi, ko aka ba ki wata tsohuwa ta biyu a ƙarshen mako, ko albashi ya ƙaru, babu abin da zai taɓa katin. Ba sai kin cika wata sabuwar takarda ba ma kafin a fara, ofis ne ya kamata ya sauya ki da kansa. Na ce ya kamata, domin aikin kwamfuta da na ɗan'adam ba ya rasa kuskure, shi ya sa zan dawo kan takardar sanarwa nan gaba.

Yanzu ki dubi shawarar yayar mijinki da wannan ido. Dokar tarayya ta hana a ba da waɗannan watanni biyar ga iyalin da aka rufe wa fayil a matsayin hukunci, haka nan wanda ya ƙi ba da bayanan da ake bukata don sabunta cancantarsa yana iya faɗawa cikin waɗanda aka cire. Wanda ya yi shiru, ya bar wasiƙu suka taru a akwati, ya tsallake ranar ganawa, ba a rubuta masa cewa ya samu aiki. Abin da ake rubutawa shi ne bai amsa ba. Kin ga ke nan fita ta ƙofar baya, wadda ake ganin ita ce ta mutunci, ita ce ke jawo asara.

Ta maƙwabciyarki kuwa ta fi haɗari. Aikin da kika samu na kan takarda ne, da lambarki ta Social Security aka ɗauke ki, kuma doka ta wajabta wa kowane kamfani ya sanar da jiha duk sabon ma'aikacin da ya ɗauka cikin kwana 20. Ana kuma haɗa bayanan albashi da sunayen masu karɓar tallafi a kwamfuta. Ba za a gane yau ba wataƙila, amma za a gane, kuma ranar da aka gane za a lissafa duk abin da aka ba ki fiye da ƙima a ce ki biya, ana zaftarewa daga kati wata bayan wata. Idan aka yanke cewa da gangan kika ɓoye, hukuncin karon farko shi ne a cire ki daga SNAP na wata 12, karo na biyu wata 24, na uku kuma har abada. Ga wanda bai riga ya zama ɗan ƙasa ba, tuhumar zamba aba ce da ke iya bin sa har ranar da zai nemi takardar zama ɗan ƙasa. Ribar wata biyu ko uku ba ta kai wannan ba.

Abin da za ki yi a wannan makon shi ne ki sanar da ofis, domin ƙa'idar masu karɓar tallafin kuɗi ita ce a kai rahoton canji cikin kwana 10. Ki roƙi kamfanin da ya ɗauke ki ya ba ki wasiƙa a kan takardarsa mai tambari, wadda ta nuna ranar da kika fara, kuɗin awa, da adadin awoyin mako. Ki shimfiɗa ta a kan tebur inda akwai haske, ki ɗauki hotonta yadda kusurwoyi huɗu za su fito kuma a iya karanta kowane layi, ki tura ta manhajar ACCESS HRA, sannan ki ɗauki hoton allon wayarki lokacin da ya nuna an karɓa, domin wannan hoton shi ne shaidarki idan wata rana aka ce ba a gani ba. Haka za ki yi da takardar albashi ta farko da ta biyu idan sun fito. Ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye shi tare da katin, duk wanda kika yi magana da shi ta waya ki rubuta ranar, da sunansa, da abin da ya ce.

Lokacin da kike kai rahoton, ki yi tambaya guda da mutane da yawa ba su san da ita ba. Tun ƙarshen shekarar 2023 jihar New York ta fara wani tsari da ke ba mai karɓar tallafin kuɗi damar a kau da kai daga albashin sabon aikinsa gaba ɗaya har tsawon wata shida a jere, sau ɗaya a rayuwa, muddin jimillar kuɗin shigarsa ba ta wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba. Albashin da kika ambata bai kusanci wannan iyaka ba ga gida mai mutum huɗu. Idan kin cancanta, kuɗin ba zai tsaya nan take ba ke nan, za ki haɗa shi da albashi na rabin shekara, sannan a rufe fayil, sannan watanni biyar na abinci su fara. Sai dai ki san abu biyu. Wannan rangwame na ɓangaren kuɗi ne kawai, SNAP zai ƙirga albashin a lissafinsa, saboda haka abin da ke shiga katin abinci zai ɗan ragu a waɗannan watanni kafin ya sake ɗagawa ranar da aka cire tallafin kuɗin daga lissafi. Na biyu, kowane wata da kika karɓi kuɗin yana cin wani abu daga wata 60 ɗin nan. A ganina har yanzu ya fi miki ki karɓa, domin watannin farko na aiki su ne mafiya wuya: ga kuɗin jirgin ƙasa, ga kayan aiki, ga mai reno, albashi kuma bai daidaita ba.

Ranar da takardar rufe fayil ta zo, kada ki karanta layin farko ki ninke ta. Ki nemi abubuwa uku a ciki: dalilin rufewa, ranar da rufewar za ta fara aiki, da sashen da ya yi magana a kan SNAP, inda ya kamata a rubuta adadin da za a riƙa ba ki da watan da zai ƙare. Idan kin ga an rufe duka biyun, ko an rubuta dalilin da ba shi ba ne, kina da haƙƙin neman zaman da ake kira Fair Hearing, inda alƙalin jiha, ba na ofishin birni ba, yake sauraron ɓangarorin biyu. Wa'adin nema kwana 90 ne a kan abinci, kwana 60 a kan kuɗi, amma kada ki jira, domin wanda ya nema kafin ranar da hukuncin zai fara aiki shi ne yawanci ake ci gaba da ba shi tallafinsa har a yanke shari'a. Ba a biyan ko sisi, kuma akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu taimaka wa marasa hali kyauta a Bronx. Ki kira 311, lambar neman bayani ta birnin, a haɗa ki da su.

Inda iyalai da yawa ke tuntuɓe shi ne ƙarshen wata na biyar. An saba da shiru, babu wasiƙa babu kira, sai a manta cewa wa'adi yana tafiya. Kafin watannin su cika za a aiko miki da takardar sabuntawa, ki cika ta, ki tura takardun albashi na makonni huɗu na ƙarshe, da shaidar haya, da rasit ɗin mai reno, ki kuma yi ganawar da ake yi ta waya. Wanda bai yi ba, katinsa zai tsaya a wata na shida. Ki rubuta watan a jikin kalanda tun ranar da takardar farko ta zo, kuma idan kin canza gida ki sanar da sabon adireshi ko da ba a tilasta miki ba, domin wasiƙar da ta tafi tsohon gida ba ta zama uzuri.

Wataƙila kina tunanin bayan wata biyar shi ke nan. Bari in nuna miki da lissafi, da alƙaluman shekarar kasafi ta Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025, ki sani ana ɗan gyara su kowane watan Oktoba. Awa 30 a kan dala 19 ya kama kusan dala 2,470 a wata kafin haraji. Iyakar kuɗin shiga ga gida mai mutum huɗu da ke da mai aiki a jiharki dala 3,900 ce a waccan shekarar kasafin, idan kuma ana biyan kuɗin reno daga aljihu sai ta kai dala 5,200, saboda haka kina ciki da tazara mai yawa. Daga albashin ana fara zubar da kashi 20 cikin 100 don kawai kuɗin aiki ne, wato dala 494, sannan a cire dala 217 da ake cire wa kowane gida mai mutum huɗu, saura dala 1,759. Sai a zo kan muhalli: idan aka haɗa hayarki da ƙiyasin kuɗin wuta da ɗumama ɗaki, abin da ya haura rabin wannan ragowar ana cire shi har zuwa dala 712. Idan kin samu cikakken wannan rangwame, saura dala 1,047. Kashi 30 cikin 100 na wannan, kusan dala 314, shi ne abin da gwamnati ke ɗauka za ki iya kashewa a kan abinci daga aljihunki, sai a cire shi daga mafi girman adadin gida mai mutum huɗu, dala 975. Abin da ya rage ya haura dala 650 a wata, kuma ban ma saka kuɗin mai reno ba, wanda shi ma ana cire shi idan kin kawo shaida. Wannan misali ne, ofis zai yi nasa da takardunki, amma ya isa ya nuna miki cewa albashin ba zai kore ki daga shirin ba. Ki lura kuma da inda kuɗin yake ɓoye: a rasit. Matar da ke riƙe miki autar, ko da 'yar'uwa ce a unguwa, ta rubuta miki takarda mai kwanan wata da sa hannu duk lokacin da kika biya ta.

Idan kuwa aikin ya tsaya ko aka rage miki awoyi sosai a tsakiyar watanni biyar ɗin, kamar yadda yakan faru idan an kwantar da tsohuwar da ake kula da ita a asibiti, ba dole ne ki jira su ƙare ba. Kina iya neman a sake lissafi a kowane lokaci, ko ki koma neman tallafin kuɗi.

Akwai wasu abubuwan da ke rage nauyin tukunya waɗanda ba su dogara da fayil ɗin kuɗi ba. Autarki tana da haƙƙin WIC, shirin abinci mai gina jiki na iyaye mata da ƙananan yara, har ta cika shekara 5, kuma kasancewarki a SNAP ko Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ya isa shaidar kuɗin shiga. Makarantun gwamnati na birnin suna ba kowane yaro abincin rana kyauta tun 2017, wasu ma suna da na halal, ki tambayi ofishin makarantar. Akwai dala 120 na sayen abinci ga kowane ɗan makaranta da ya cancanta a lokacin dogon hutu. A kasuwannin manoma na birnin, duk dala 2 da kika kashe da katin ana ƙara miki takardar dala 2 ta sayen kayan lambu, har dala 10 a rana. Sannan ranar da za ki kai rahoton aiki ki tambayi tallafin reno na masu barin fayil, wanda kan kai wata 12, ki kuma tabbatar Medicaid na yara bai tsaya ba.

Maganar yayar mijinki ta kunya ba zan wuce ta ba, domin na san ita ce ke cin ki a rai fiye da lissafi. A al'adarmu mace mai kamun kai ba ta son a ce tana miƙa hannu, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma ki duba takardar albashinki ta farko idan ta fito, za ki ga abin da aka zare na haraji kafin ko kwabo ya iso hannunki. Marayu uku ne a gabanki, abincinsu amana ce, kuma wanda bai ɗauki nauyin hayarki ba ba shi da hurumin sa ki ajiye haƙƙin yara don gudun bakin mutane. Ki amsa mata da ladabi, ki ce kin gode kuma kina kan hanyar fita, domin gaskiya ce. Abin kunya na haƙiƙa a wannan fage shi ne sayar da katin a shago don a karɓi tsabar kuɗi, ko da niyyar aika wa gida ce. Wannan laifi ne babba, idan adadin ya kai dala 500 ana iya cire mutum har abada tun a karon farko. Ki kuma riƙa canza lambar sirrin katin akai-akai, domin ɓarayi na dasa na'ura a kan abin goge kati, kuma tun ƙarshen Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta daina mayar da abin da aka sace ta wannan hanya.

Ga masu karatu da ke wasu jihohi, ku bincika naku, domin Kalifoniya da jihar Washinton suna da irin wannan wata biyar da sunayensu daban, wasu jihohin kuwa ba su da shi sam. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta kuma tsaurara sharuɗɗan aiki a SNAP, har ta haɗa da iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai shekara 14, ta kuma rage rukunin baƙin da suka cancanta, don haka duk mai shakka a kan takardunsa na zama ya ga lauyan shige da fice kafin ya saurari hirar unguwa. Ke dai sharaɗin aikin bai shafe ki ba, tunda ga auta mai shekara 3, ga kuma awa 30 a hannu.

Idan Turancin takardun yana miki nauyi, ki faɗa tun a farkon kira cewa kina son tafinta na Hausa. Kyauta ne, kuma haƙƙinki ne. Kada ki ɗora wa ɗanki mai shekara 11 wannan aiki, domin kalmomin ofis sun fi ƙarfinsa, kuma bai kamata ya kwana da lissafin haya a kansa ba. Idan takardar rufewa ta zo kuma wani layi ya shige miki duhu, ki rufe sunanki da lambar fayil, ki turo mini abin da aka rubuta a sashen dalili da sashen SNAP, mu duba tare kafin ranar da aka sa ta cika.